Jagora ga Ɗalibai Hausawa a Saudiyya: Yadda Ake Daidaita Suna, Jinsi da Wakilin Suna a Shafukan Jami'a na Intanet

A ƙasar Hausa, idan aka ce Nura, namiji ake nufi, domin taƙaitawa ce ta Nuruddini. A Saudiyya kuwa Nura sunan mata ne da ya shahara ƙwarai, har babbar jami'ar mata da ke Riyad tana ɗauke da sunan Gimbiya Nura 'yar Abdurrahman, 'yar'uwar Sarki Abdul'aziz. Rabi a wurinmu mace ce, daga Rabi'atu, amma ma'aikacin rajista Balarabe da ya ga sunan da haruffan boko zai iya karanta shi Rabi'i, wanda a wurinsu sunan maza ne. Bature kuma idan ya ga Musa, Isa, Garba ko Bala, wasalin ƙarshen yakan sa ya ɗauka mata ne, Bilkisu da Asma'u da Saratu kuwa ba su gaya masa komai. Wannan ruɗani shi ne dalilin wannan jagora, domin a yau kusan duk mu'amalar ɗalibi da jami'a ta intanet ake yin ta, inda babu wanda yake ganin fuskar wani, suna da 'yan akwatunan da aka cike su ne suke magana a madadin mutum.

Zan yi magana da ku da lamirin jam'i, wato "ku", saboda Hausa ba ta barin marubuci ya ce "kai" ba tare da ya ware mata ba, ko ya ce "ke" ba tare da ya ware maza ba. Larabci ma haka yake da "anta" da "anti". Turanci ne ya haɗa su a kalma ɗaya idan ana magana da mutum, sai idan ana ba da labarinsa ne ake rarrabewa da "he" da "she".

Akwati biyu ne, kada a haɗa su

Kafin a taɓa kowane maɓalli, wajibi ne a bambanta abubuwa biyu da ɗalibai suke yawan cakuɗawa. Na farko shi ne akwatin jinsi, wanda a shafukan jami'o'in Saudiyya ake rubuta masa "aljins", da zaɓi biyu kawai: "zakar" ga namiji, "unsa" ga mace. Wannan bayani ne na hukuma, daga fasfo ake ɗauko shi, kuma da zarar ya shiga rumbun jami'a ɗalibi ba ya iya canza shi da kansa. A yawancin jami'o'in gwamnati a nan, maza da mata kowa da ɓangarensa, abin da ake kira "shaɗruɗ ɗullab" da "shaɗruɗ ɗalibat", saboda haka wannan akwati shi ne yake yanke ajin da za a sa mutum, da masaukinsa, da jerin kwasa-kwasan da za su bayyana masa a lokacin rajista, har da lafazin da za a buga a takardar shaidarsa.

Na biyu shi ne akwatin wakilin suna, wato lamiri, wanda a manhajojin ƙasashen Yamma ake rubuta masa "Pronouns". Wannan na ganin dama ne, mutum ne yake rubuta lamirin da yake so a ambace shi da shi, sai ya bayyana kusa da sunansa. Al'adar ta taso ne daga jami'o'in Amurka: Jami'ar Vermont ta fara bai wa ɗalibanta damar zaɓar suna da lamiri a rumbunta a 2009, Harvard ta ƙara irin wannan zaɓi a rajistarta a 2015, daga baya kamfanonin manhaja suka bi. Asalin manufarta tana da alaƙa da muhawarar da ake yi a can kan jinsi, kuma ko a can ba a yi ittifaƙi a kanta ba, domin a ƙarshen Janairun 2025 an umarci ma'aikatan hukumomin gwamnatin tarayyar Amurka da dama su cire lamiri daga sa hannun wasiƙunsu na imel. Ɗalibin da ke zaune a Madina ko Jidda zai ci karo da wannan akwati ne idan ya shiga kwas na nesa da wata jami'ar waje, ko taron ƙara wa juna sani ta Zoom, ko yana neman gurbin digiri na biyu a Ingila ko Kanada.

Ra'ayina shi ne a ba akwati na farko kashi tara cikin goma na kulawa, domin kuskure a cikinsa yana cin lokaci da kuɗi. Na biyu kuwa kayan aiki ne mai sauƙi, wanda mu masu sunayen da baƙi ba sa ganewa za mu iya amfana da shi ko mu bar shi fanko.

Mataki na farko: fasfo

Ku buɗe shafin bayanai na fasfo ku karanta shi kamar wanda bai taɓa ganinsa ba. Ku duba wurin jinsi, ku tabbatar M ne ga namiji, F ga mace. Sannan ku sauka zuwa layuka biyun nan na ƙasa masu cike da alamar kibiya, waɗanda na'ura take karantawa. A layi na biyu, bayan lambar fasfo da haruffa uku na ƙasa, irin su NGA ga Nijeriya ko NER ga Nijar, za ku ga lambobi shida na ranar haihuwa, sai lamba ɗaya ta tantancewa, sai harafin jinsi. Abin da ke wannan layi shi ne yake shiga kwamfutar ofishin biza da ta filin jirgi, daga nan ya wuce zuwa iƙama, wato katin izinin zama a Saudiyya. Idan kuskuren tun daga fasfo yake, babu ofishin jami'a da zai iya yi muku komai, sai an koma tushe. Ga 'yan Nijeriya tushen ya haɗa da bayanan lambar NIN a hukumar NIMC, tunda fasfo yana ɗaure da ita, kuma wanda ya riga ya iso Saudiyya zai tuntuɓi ofishin jakadanci a Riyad ko ƙaramin ofishin da ke Jidda.

Mataki na biyu: cike takardar neman gurbi

A nan ake tafka mafi yawan kurakurai, kuma sau da yawa ba ɗalibin ne ya cike da hannunsa ba, wani mai shagon kwamfuta ne a Kano ko Zariya ko Damagaram da yake cike wa mutum ashirin a rana. Masu neman gurbi daga waje yanzu suna bi ta dandalin Ma'aikatar Ilimi mai suna "Udrus fis Su'udiyya". Ko wane ne zai cike muku, ku zauna kusa da shi, kada a danna maɓallin aikawa sai kun ga akwatin jinsi da idonku, domin wasu shafukan sukan zo da zaɓi ɗaya a shirye, mai gaggawa ya wuce bai taɓa shi ba.

Sai batun jeren suna, wanda ya fi shafar mata. Tsarin Saudiyya na suna huɗu ne, "al'ismur ruba'i": sunan mutum, na uba, na kaka, sai na dangi. 'Yan'uwanmu da aka haifa a Makka da Jidda tun zamanin kakannin da suka zo hajji a ƙafa sun riga sun shiga wannan tsari, shi ya sa ake ganin Alhausawi ko Albarnawi ko Fallata a ƙarshen sunayensu. Fasfonmu kuwa gida biyu yake da shi, sunan iyali a sama, sunayen yanka a ƙasa, kuma sunan iyalin galibi sunan uba ne. Idan mai cikewa ya kwafi jeren fasfo yadda yake, sai yarinya mai suna Fatima 'yar Abdullahi ta koma Abdullahi Fatima a rumbu, kuma duk malamin da ya ga jerin aji zai ɗauka namiji ne. Ku tabbatar sunan yanka ya shiga akwatin "al'ismul awwal", sunan da fasfo ya ba matsayin na iyali ya shiga akwatin "al'a'ila" ko "allaƙab". Kada ku ƙirƙiro sunan kaka da babu shi a takardunku don kawai ku cike gurbi, ku tambayi ofishin karɓar ɗalibai yadda suke so a yi da akwatin da ya rage.

Idan an nemi suna da haruffan Larabci, ku rubuta da kanku ko ku sa malamin da ya san asalin sunan ya rubuta muku, kada a bar wa manhajar fassara. Sani asalinsa Thani ne, da harafin "sa" mai ɗigo uku, Salisu daga Thalith, Hamisu daga Khamis ko Khamisu na lissafin 'ya'ya, Hadiza kuma Khadija ce. Sunayen mata irin su Amina, Jamila, Hassana da Rabi'atu suna bukatar "ta marbuɗa" a ƙarshe, wadda idan ta faɗi sunan ya koma na namiji kai tsaye: Jamila ta zama Jamil, Hassana ta zama Hasan. Mai suna Nura namiji zai yi kyau ya rubuta shi ba tare da wannan harafi ba, idan kuma takardunsa na makarantar Islamiyya suna ɗauke da Nuruddin, ya nemi shawarar ofishin kafin ya zaɓi wanda zai tsaya a kai. Rubutun da kuka zaɓa a wannan rana shi za ku riƙe har ku gama karatu. Tun ran gini tun ran zane.

Mataki na uku: bincike a makon farko

Bayan kun iso an ba ku lambar jami'a, "arraƙmul jami'i", ku ware rana ɗaya ku zagaya duk inda sunanku yake. Ku fara da iƙama da asusun Absher, wato dandalin hidimomin gwamnatin Saudiyya na intanet, sannan shafin rajistar jami'a, kamar ODUS Plus a Jami'ar Sarki Abdul'aziz ko Edugate a Jami'ar Sarki Sa'ud, sannan Blackboard da ake ɗora darussa a kai, sannan imel ɗin jami'a da katin shaida. Larabci yana taimakawa a nan, domin ba ya iya ɓoye jinsi. Idan saƙonnin jami'a suna zuwa wa mace da "azizi aɗɗalib" maimakon "azizati aɗɗaliba", mai yiwuwa saƙon gama-gari ne da aka tura wa kowa, amma idan takardar shaidar zama ɗalibi, wadda ake kira "ifada", ta fito da lafazin maza, to akwai matsala a rumbu.

Na taɓa raka wata ƙanwa 'yar garinmu wajen gyara irin wannan. Ba ta lura ba sai ranar rajistar kwasa-kwasai, lokacin da shafin ya ƙi nuna mata ko aji ɗaya na ɓangaren mata. Kafin a gyara, azuzuwan da take so sun cika. Da ta duba a makon farko, da gyaran bai taɓa jadawalinta ba.

Mataki na huɗu: neman gyara

Ƙa'idar ita ce a gyara daga sama zuwa ƙasa. Blackboard da imel suna ɗauko bayanansu ne daga rumbun rajista, saboda haka zuwa sashen fasahar sadarwa tun farko ɓata lokaci ne, ko sun gyara muku a can, sabuntawa ta gaba za ta iya maido da kuskuren. Idan fasfo daidai yake amma iƙama ta saɓa, ku je ofishin da ke kula da ɗaliban tallafin karatu, domin jami'a ce kafilinku kuma ita take hulɗa da Jawazat, wato hukumar fasfo da izinin zama, a madadinku. Idan iƙama daidai take amma rumbun jami'a ya saɓa, ofishin da ake nufa shi ne "Imadatul Ƙabuli wat Tasjil", wato sashen karɓar ɗalibai da rajista, ɗaliban digiri na biyu da na uku kuma sashen karatun gaba da digiri.

Ku rubuta buƙatar a taƙaice, da Larabci idan za ku iya: cikakken suna kamar yadda yake a fasfo, lambar jami'a, lambar iƙama, abin da aka rubuta bisa kuskure, da abin da ya kamata a rubuta. Ku haɗa da hoton fasfo da na iƙama, ku aika ta hanyar da jami'a ta tanada domin ku sami lambar buƙata, "raƙmuɗ ɗalab", ku adana ta. Maganar baka a bakin taga ba ta barin shaida. Neman gyara haƙƙinku ne: dokar kare bayanan mutum ta Saudiyya, wadda aka fitar a 2021 ta fara aiki a Satumban 2023 ƙarƙashin kulawar hukumar bayanai ta ƙasar mai suna SDAIA, ta ba mai bayanai damar neman a gyara abin da aka rubuta a kansa ba daidai ba. Duk da haka ban ga amfanin ɗaga doka a wasiƙar farko ba, sallama da ladabi da takardu cikakku sun fi saurin biyan buƙata. Bayan an ce an gyara, ku sake fitar da sabuwar ifada ku karanta.

Mataki na biyar: akwatin wakilin suna a manhajoji

Abu ɗaya ya haɗa duk manhajojin da zan ambata: a asusun makaranta, sai mai kula da tsarin ya kunna wannan akwati kafin ya bayyana. Idan kun nema ba ku gani ba, makarantarku ce ba ta buɗe shi ba, kuma a jami'o'in da na yi hulɗa da su a nan haka abin yake.

Zoom ta ƙara shi a tsakiyar 2021. Ana shiga asusu ta shafinta na intanet, a je "Profile", a danna "Edit" kusa da suna, a rubuta lamiri a akwatin "Pronouns". A ƙasa akwai zaɓi uku: a riƙa nunawa a kowane taro, ko a tambaye ku duk lokacin da kuka shiga, ko kada a nuna a taro. Na tsakiyar shi nake ba da shawara, domin asusu ɗaya ne mutum yake shiga da shi ajin jami'ar waje da darasin tafsiri da taron 'yan'uwa na gida, kuma ba kowane zama ne yake bukatar wannan bayani ba. Ku sani cewa ko kun zaɓi kada a nuna a taro, abokan hulɗarku na cikin manhajar suna iya gani a katin bayananku.

A Canvas, wadda jami'o'in Amurka da yawa suke koyarwa da ita, hanyar ita ce "Account", sai "Settings", sai "Edit Settings", a zaɓa daga jerin da makarantar ta tanada, a adana. Zai riƙa fitowa bayan sunanku a dandalin tattaunawa da akwatin saƙo da jerin 'yan aji. Wasu makarantun daga rumbun rajistarsu suke turo shi, a irin wannan hali can za ku je ku canza. A Teams da Outlook na Microsoft, waɗanda suka sami wannan a 2023, ana danna hoton mutum a buɗe katin bayanai a ƙara, kuma duk wanda ke cikin makarantar zai gani, babu damar zaɓar wanda za a nuna wa. Sabon Blackboard mai suna Ultra yana da shi a shafin bayanan mutum, tare da wani akwati da na fi ganin amfaninsa gare mu, wato na bayyana yadda ake furta suna. Duk wanda ya taɓa jin yadda Bature yake fama da Ɗanladi ko Ruƙayya zai gane dalili.

Me za a rubuta? Namiji ya rubuta "he/him", mace ta rubuta "she/her". Wannan yana daidai da abin da ke fasfonku, kuma yana gaya wa malamin da ke Landan cewa Nura namiji ne, Bilkisu mace ce. Za ku ga zaɓin "they/them" a jerin, kada ku ɗauka jam'in girmamawa ne irin namu na "ku" da "su" da muke yi wa iyaye da malamai. A can yana nufin mutum ba ya son a ambace shi da lamirin namiji ko na mace, kuma wanda ya zaɓe shi da niyyar ladabi ya aika saƙon da bai yi nufi ba. Haka nan kada a mai da akwatin wurin barkwanci ko wa'azi ko taken siyasa. Kuna zaune a ƙasar da dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi hukunci mai tsanani kan abin da aka ga ya taɓa tsarin jama'a ko darajojin addini ko ɗa'a, kuma abin da aka rubuta a bayanan asusu yana iya bin mutum zuwa inda bai zata ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da akwatin ba ya bar shi fanko. A takardun neman gurbi na waje ma galibi na ganin dama ne, kuma dabam yake da tambayar jinsin da ke fasfo, wadda dole a amsa ta daidai da fasfon saboda biza.

Akwai hanyar da ta fi tsufa kuma take aiki a ko'ina, wato laƙabi a sa hannun imel. Da Turanci a sa "Mr" ko "Ms" kafin suna, da Larabci a rubuta "aɗɗalib" ko "aɗɗaliba". Kalma ɗaya ta wadatar.

Idan an yi kuskure a kanku, ko kun yi a kan wani

Idan malami ya kira ku da lamirin da ba naku ba, ku gyara masa sau ɗaya a saƙo na keɓe, ba a gaban aji ba, da jimla guda: sunana na maza ne a yarenmu, ko na mata ne. Yawancinsu godiya suke yi. Mu ma muna faɗawa irin wannan rami, domin sunaye kamar Nur, Ihsan, Sabah da Wi'am a ƙasashen Larabawa maza da mata duk suna ɗauka, sunayen 'yan Sin da Indunusiya kuwa sau da yawa ba mu da abin da za mu gane su da shi. Kafin ku rubuta "Duktur" ko "Duktura", "Ustaz" ko "Ustaza", ku duba shafin tsangayar. A ajin jami'ar waje, idan abokin karatu ya rubuta lamirin da bai saba muku ba, sunansa yana nan, ana iya ambatonsa da shi a ci gaba da aikin da ya tara ku, kuma yana da kyau ku karanta ƙa'idojin ɗa'a na makarantar tunda kun amince da su ranar da kuka yi rajista.

Mataki na ƙarshe: kafin a buga takardar shaida

A zangon ƙarshe jami'o'i sukan nemi masu kammalawa su tabbatar da bayanansu, musamman rubutun suna da boko. Kada ku danna amincewa a kan waya kuna tafe. Ku ɗauko fasfo ku gwada harafi da harafi, ku duba Larabcin da Turancin, ku duba jinsi da ranar haihuwa, ku lura ko an juya ta zuwa Hijiriyya daidai. Idan kun sabunta fasfo a tsakiyar karatu kuma rubutun sunan ya ɗan canza, kamar Muhammad ya koma Mohammed, ku kai sabon a sabunta rumbu tun kafin wannan lokaci. Takardar shaidar za ta bi ta ofisoshin tantancewa a nan, sannan ta je Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja da hukumar NYSC ga 'yan Nijeriya, kuma kowane ofishi zai gwada ta da fasfo. Gyara bayan kun koma gida yana nufin wakilci da aike da sake buga hatimai daga farko, alhali iƙamarku ta riga ta ƙare.